Hannun Mai Kushin Ya Riga Ganga

Sana'ar Mai Kushin ta asali gyaran kujeru ce, kuma duk wanda ya shiga shagonsa sai ya fito da ɓurɓushin soso a wando. Shago ne dogo kamar lungu. Kujerun mutane a gaba an farke cikinsu, keken ɗinki a tsakiya, can ƙurya kuma, bayan labulen da aka haɗa da ragowar yadin kujera, akwai tebur guda da ko almakashi ba a yarda a ɗora a kai ba. Nan fiyanonsa yake, da kwamfutarsa.

Shekara ashirin da biyu ke nan yana kaɗa fiyano a ƙungiyar wata mawaƙiya da kowa ke kira Anti. Su biyar ne: ita, da masu jita biyu, da Mai Ganga, da shi. Ba wasu shahararru ba ne. Taron makaranta, sallamar ma'aikacin da ya yi ritaya, buɗe sabon kanti, irin wuraren da ake kiransu ke nan, kuma suna zuwa a kan lokaci, abin da ba kowane makaɗi ake yi wa shaidarsa ba.

Rabin shekarun nan da wani ƙaton fiyano ya yi su, mai nauyi kamar ƙyauren ɗaki. Da bayansa ya fara ƙorafi sai ya koma tsarin da yake kai har yau: fiyano marar nauyi wanda ba shi da muryar kansa, waya ta tashi daga jikinsa ta shiga kwamfutar cinya, manhajar da ke ciki ita ke riƙe da sautuka, na fiyano da na ƙaho da na sarewa, daga nan sauti ya wuce sifika. Kwamfutar ta hannu ya saya, tun a lokacin ma ta ga jiya ta ga yau.

Yadda yake haɗa kayan nan abin kallo ne. Kowace waya da ƙyallen kujera ɗaure a wuyanta, ja na wuta, kore na sauti. Ya kashe intanet, don kada kwamfuta ta ce za ta sabunta kanta ana tsakiyar waƙa. Ya jera sautukan bisa jerin waƙoƙin Anti. Sifika ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa. Wanda ya taɓa masa waya ɗaya kuwa, sai ya kwance komai ya sake daga farko, yana yi yana tsaki.

Mai Ganga abokinsa ne tun suna samari, mutum ne da magana ke yi wa tsada. Idan wani ya kauce wa kiɗa ba ya cewa komai, kai kawai yake juyowa ya dube shi, hannuwansa na ci gaba da aiki. A watannin farko na kwamfutar nan Mai Kushin ya sha wannan kallo har ya ƙoshi. Kullum yana baya, kamar mai bin mota da gudu. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, amma shi bawan Allahn nan nasa kaɗai yake hangowa, ko babu shi sai ya ƙirƙiro. Ya yanke wa kansa hukunci cewa hannunsa ne ya yi nauyi. Wata shida cur, kowace safiya kafin ya buɗe shago, yana bayan labule yana bin kiɗan Mai Ganga da ya ɗauka a waya, har kan Mai Ganga ya daina juyowa. Tun daga nan idan an yaba masa sai ya ce, "Ni ai mai nauyin hannu ne, naci ne kawai."

Bana kwamfutar ta gaji. Murfinta da salatif yake riƙe, batirin ya kumbura, rannan kuma fuskar ta yi baƙi ƙirin ta ƙi dawowa. 'Yarsa ta fari, wadda yake kira Mamana, aikinta ke nan, ita ke haɗa wa ofisoshi kwamfutoci. Ta kawo masa sabuwa fil, da wani ɗan akwatin sauti da ke shiga tsakanin kwamfuta da sifika, ta kwashe sautukansa kaf ta zuba a ciki. Saura mako uku a yi taron cikar wata makaranta shekara hamsin, aiki mafi girma da ƙungiyar ta samu a shekarar.

A atisayen farko, ba a kai rabin waƙa ba kan Mai Ganga ya juyo.

Anti ta ɗaga hannu aka tsaya. "Mai Kushin, ina zuwa haka? Koro ka aka yi?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. A atisaye na uku babu wanda ya yi dariya. Mutumin da aka sani da tsayawa daram a kan kiɗa, yanzu kullum yana gaban ganga, ya ja da baya na layi biyu, hankalinsa na komawa kan waƙa sai hannu ya sake tserewa.

Ranar Asabar Anti ta zo shago da kanta, ta zauna a hannun wata kujera da ba a gama ba. Bayan gaisuwa ta ce, "Yayana, ka san ba na iya kwana-kwana. Laraba za mu yi na ƙarshe. In abin bai daidaita ba, zan nemo wanda zai riƙe mana taron nan. Ba kora ba ce."

"Na sani," in ji shi. Ya kuma san cewa wanda aka nemo don taro ɗaya ba ya komawa gida.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Shekararsa hamsin da takwas, kuma a daidai waɗannan shekarun hannun mahaifinsa ya fara rawa har ya kasa riƙe kofi. Da Anti ta tafi ya miƙe yatsunsa goma a kan teburin yanka yana dubansu. Ba sa rawa. Amma ya ce a ransa ai haka abin ke farawa.

Washegari da hantsi Mamana ta biyo, ta same shi bayan labule ya haɗa kai da gwiwa. Ta saurari bayaninsa har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, ina tsohuwar?"

Tana ƙarƙashin tebur, an naɗe ta da yadi. Ta jona ta da talabijin ɗin shago tunda fuskarta ta mutu, ta haɗa mata fiyano, ta danna maɓalli ɗaya.

"Ka ji?"

"Na ji me?"

"Ƙarar maɓallin daban, sautin daban."

"Tare suke, Mamana."

Ta ɗauki ƙarar da wayarta, ta sake ɗaukar ta sabuwar kwamfutar, ta nuna masa zanen sautin. A sabuwar tudu ɗaya ne. A tsohuwar tudu biyu, da ɗan fili a tsakani.

"Wannan filin jinkiri ne," ta ce. "Tsohuwar sai ta yi tunani kafin ta yi magana. Bai kai ƙiftawar ido ba, amma a kiɗa da yawa ne. Kai kuma ka koya wa hannunka ya riga ganga da daidai wannan, don sautin ya faɗo a kan lokaci. Sabuwar ba ta jira. Hannunka lafiyarsa ƙalau, Baba. Bai taɓa yin nauyi ba."

Ya daɗe yana kallon tudun nan biyu. Daɗi ya ji, da haushi, kuma haushin ya fi yawa. Shekara goma sha ɗaya yana ba mutane haƙuri a kan laifin wata kwamfuta ta hannu.

"Yanzu sai ka saki hannunka kawai," in ji ta. "Wata ɗaya, biyu, zai dawo daidai."

"Za ki iya mayar da jinkirin cikin sabuwar?"

Ta dube shi. "Baba! Na kawo maka mota mai lafiya, ka ce in sace mata iskar taya?"

"Za ki iya ko ba za ki iya ba?"

"Zan iya, amma sabo turken wawa ne, kai kake faɗa mana."

"Na faɗa. Na kuma faɗa muku icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Laraba gata ce. Hannun nan wata shida na tsare shi kowace safiya, ya yi abin da na ce. Ba zan dawo yau in ce masa ƙarya ya koya ba. Masu saurare ba ruwansu da lokacin da na danna, su dai sautin ya sauka tare da ganga."

Tana gunaguni ta buɗe manhajar ta saka jinkirin. Ya kunna tsohon kiɗan Mai Ganga ya bi. Ta fara da kashi talatin cikin dubu na daƙiƙa, ya ce ƙara. Arba'in, ya ce saura kaɗan. A arba'in da biyar kafaɗunsa suka sauka, ya kaɗa waƙar har ƙarshe. Ta yanki ƙyalle ta rubuta "Kada a taɓa" ta manna a gefen kwamfutar.

Laraba Anti ta tambaye shi wane magani ya sha. Ya ce hutawa ya yi.

Ranar taron, tun ƙarfe biyu yana zauren makarantar, ja a wuta, kore a sauti, sifika a ƙarshe. Waƙa goma sha ɗaya suka yi, tsofaffin ɗalibai masu furfura na rawa tsakanin kujeru. Shi kuwa rabin hankalinsa na kan wuyan Mai Ganga, wuyan bai motsa ba ko sau ɗaya.

Suna kwance kaya ya kasa haƙuri, ya matsa kusa da Mai Ganga. "Ka tuna shekarar da ka yi ta juyo mini kai? Ashe ba ni ba ne. Kwamfutar ce ke makara."

Mai Ganga ya ci gaba da kwance ƙarfen gangarsa, kamar bai ji ba. Sai da ya zura sandunan a jaka sannan ya ce, "To, ita ta makara. Wa ya gyara, in ba hannunka ba?"

Mai Kushin ya dubi yatsunsa. Ya sunkuya ya ɗauki wayar mai jan ƙyalle, ya fara naɗe ta a hannunsa a hankali.