Akwatin da Haladu Ya Cire

Shekara ashirin da uku rumfata tana jingine da ta Haladu, a bakin titin da ya fita daga Haɗeja ya nufi Kafin Hausa. Ni faci nake yi, shi gyaran babur. In taya ta sace a turo mini, in inji ya fara tari a miƙa masa. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, to na san shi har irin tsakin da yake ja in sifana ta ɓace.

Haladu ba ɗan cikin gari ba ne. Daga wani ƙauye kusa da Baturiya ya fito, gidan masunta tun kaka da kakanni. Yana ɗan shekara sha tara ambaliya ta kifar da kwalekwalensu, shi da ƙaninsa Auta. Shi ya samu reshe ya rungume. Auta kuwa sai bayan kwana uku aka tsamo shi a cikin ciyayin bakin ruwa. Tun daga ranar Haladu ya raba gari da kogi. Ya tattara ya zo Haɗeja ya koyi gyaran babur, ya yi rantsuwa ɗan da ya haifa ba zai taka kwalekwale ba. Ko kifi sai an matsa masa yake ci, a garin da har baƙo da kifi ake masa tsaraba.

Allah ya ba shi 'ya'ya biyar, huɗu mata, sai ɗan farinsa Abdulwahid. Da yake ɗan fari ne, Haladu ba ya kama sunansa. "Wancan" yake cewa, ko "mutumin naka". In yaron ya zo rumfa ya gaishe shi, sai ya amsa yana kallon inji. Amma ni da nake gefe na san ransa kacokan a kan yaron yake. Ya sha gaya mini burinsa ɗaya ne a duniya: ɗan nan ya binne shi, kada shi ya binne ɗan. Shi ya sa ya sa shi a boko ya hana shi su, shi ya sa kuma ya koya masa babur da hannunsa, domin babur dai a cewarsa babu abin da zai ɓoye masa.

Yana da nasa tsarin aiki, kuma rabin makanikan unguwarmu a wurinsa suka ɗauka. Sabon babur in ya zo, sai an rage masa kaya tukuna. A kwance madubi, a cire duk wata waya da ba a ga amfaninta ba, birki kuwa a ɗaure shi yadda da an taɓa zai kama. Hujjarsa ita ce masu ƙera babur don kwalta suke ƙerawa, mu kuwa yashi gare mu da taɓon fadama. A yashi, in taya ta ƙame sai ta nutse ta tsaya. Akwai wani fili mai rairayi a bayan rumfunanmu, a nan yake gwada duk abin da ya gyara. Bai taɓa gwaji a kan titi ba. In na tsokane shi na ce ga kwalta a gabanka, sai ya ce kwalta ai ko makaho ya tuƙa, yashi ne ke kayar da mutum. Kuma gaskiya, shekara da shekaru ba mu ji wanda ya dawo da ƙorafi ba.

Abdulwahid ya gama makarantar koyon aikin lafiya, aka ɗauke shi yana kai allurar rigakafi ƙauyukan fadama. Daga nan uban ya samu sunan kiransa, ya koma ce masa Likita. Wata ƙungiya ta raba musu babura, shi da abokan aikinsa su tara, manya, ba irin na 'yan acaɓa ba. Birkin gabansu da mai yake aiki, kuma a ƙarƙashin tanki akwai wani ɗan akwati da tiyo ke shiga ya fita. Masu karatu suka ce ABS ake ce masa. Wai in ka damƙe birki da ƙarfi, shi ne zai riƙa kamawa yana saki da sauri, don kada taya ta ƙame ta zame da kai.

Sati biyu da karɓa, Abdulwahid ya biyo ta rumfa yana ba mu labari yana dariya. Wai a yashin wani ƙauye ya yi kiciɓis da amalanken shanu, ya damƙe birki, sai ya ji hannun birkin yana karkarwa a tafinsa, babur kuwa yana ta gangarawa. Da ƙyar ya tsaya, hancin wani sa yana hura masa iska a gwiwa. Ni na yi dariya. Haladu bai yi ba. Ya goge hannu ya karɓi makulli, ya zagaya bayan rumfa. Sau huɗu yana tahowa da gudu yana damƙewa, sau huɗu babur yana wuce inda ya ja layi da ƙafa.

Ya dawo fuska a murtuke. "Wannan ba birki ba ne," in ji shi. "Sai ya yi shawara da taya kafin ya kama."

Abdulwahid ya ce a hankali an gargaɗe su kada su bari a taɓa wurin. Haladu ya tambaye shi ko masu gargaɗin sun taɓa shiga yashin Baturiya. Yaron ya bar masa babur ɗin. Ba irin ɗan da ke ja da ubansa ba ne, balle a kan babur.

Ni na riƙe masa tankin. Ina faɗar wannan ne don kada a ce na ɓoye nawa. Ya kwance akwatin, ya ja tiyo ɗaya miƙe daga hannu zuwa taya, aikin bai ɗauke shi awa biyu ba. Muka koma bayan rumfa, ya taho da gudu ya taɓa, babur ya tsaya cak, yashi ya yi sama. Har tafi na yi masa. Ranar na ga Haladu ya dubi ɗansa ido da ido ya ce, "To Likita, yanzu na iya barci." Akwatin kuwa ya jefa shi cikin wani tsohon gwangwanin fenti. Kafin wata ya cika, abokan aikin Abdulwahid shida sun kawo nasu, gwangwani ya kusa cika.

Aka ci rani lafiya, wata bakwai babu ko ƙwarzane. Sai ranar da aka yi ruwan farko. Duk mai zama bakin titi ya san ruwan farko: ba ya wanke kwalta, sai dai ya jiƙa ƙura da baƙin man da motoci suka zubar tun kaka, titi ya koma kamar an shafa masa sabulu. Bayan la'asar ne, Abdulwahid yana dawowa daga wajen Kafin Hausa, shanu suna tsallaka titi. Mai shanun, wani dattijo, shi ya biyo gawar har gida, kuma shi ya ba mu labari yana share hawaye. Ya ce wallahi yaron ba gudu yake ba, kuma tun daga nesa ya hango su. Ya dai ga ya kama birki, sai tayar gaba ta tsaya wuri ɗaya, babur ya sulluɓe daga ƙarƙashinsa. Hular kwano tana kansa, amma wuyansa ya daki bakin kwalbati. Ko saniya ɗaya bai taɓa ba.

Haladu bai yi kuka a maƙabarta ba. Shi ya shiga ramin da kansa ya karɓe shi. Ina tsaye ina kallon bayansa, ina tuna abin da ya sha gaya mini.

Bayan kwana goma ƙungiyar ta aiko wani injiniya daga Kano, Haris, ya ɗauki babur ɗin, wanda aka jingine a rumfar Haladu. Mutum ne mai ladabi. Ya yi ta'aziyya, ya tsuguna yana dubawa, sai na ga hannunsa ya bi tiyon nan tun daga sama har ƙasa ya tsaya. Haladu ne ya yi magana.

"Ni na cire akwatin. Da yana nan, da ya tsaya?"

"Baba, rai na Allah ne."

"Na sani. Aikinka nake tambayarka."

Injiniyan ya miƙe tsaye. Sannan ya ce a yashi Baba ya yi gaskiya, babu akwatin ya fi saurin tsayawa. Amma a jiƙaƙƙiyar kwalta, don irin wannan ranar aka sa shi. Ya ƙara ba da haƙuri, aka ɗora babur a mota, suka tafi. Ba mu sake jin wata magana daga wajensu ba.

Washegari Haladu ya ɗauki gwangwanin fenti ya shiga bin abokan aikin ɗansa gida gida, yana roƙon su kawo ya mayar musu, kyauta. Mutum ɗaya ya kawo, shi ma don kunya. Sauran suka yi ta ba shi haƙuri, suna cewa Baba kada ka sa wa ranka damuwa, kwanansa ne ya ƙare, mu kuma birkin yanzu ya fi mana daɗi a ƙauye. Ya gaya wa matarsa Ummussalma abin da ya yi, ta ce ƙaddara ce, kada ya sake tayar mata da maganar. Duk inda ya buɗe baki, da kalmar ƙaddara ake rufe masa shi. Ni ma ita na gaya masa, don ba ni da wata, kuma ni na riƙe tankin.

Tun daga nan hannunsa ya mutu. Yana zuwa rumfa kullum, amma sai ya wuni bai kwance filogi ɗaya ba. Masu kawo gyara suka koma tsallaken titi wurin Usaini, wanda ya koyi aiki a hannunsa shekara ashirin da suka wuce, yanzu shi ma har ya fara furfura.

Bana, ana gab da faɗuwar damina, wani saurayi Ibrahim ya shigo da sabon babur irin wancan. Shi aka ɗauka a gurbin marigayi. Ya gaishe mu, ya ce abokan aiki sun ce a nan ake cire abin nan mai sa birki karkarwa. Haladu ya miƙe ya dafa kan babur ɗin da hannu biyu.

"Ɗana, ka bar shi yadda yake. Abdulwahid ma ni na cire masa."

Ranar na fara jin sunan a bakinsa, shekara ashirin da uku. Ibrahim ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya jiƙansa, Allah ya ba Baba haƙuri. Ya tsaya jim kaɗan don ladabi, sannan ya tura babur ɗinsa ya tsallaka titi.

Ba a jima ba sai ga Usaini da kansa, yana goge hannu a wando. Ya durƙusa ya gaida maigidansa kamar yadda ya saba.

"Maigida, irin tiyon nan da kake sa musu, ko akwai saura?"

Haladu ya ce babu. Usaini ya ce ba komai, zai aika kasuwa.

Kafin la'asar muka ji su a filin bayan rumfa, babur yana tahowa da gudu yana tsayawa cak, wani yana tafi. Haladu yana zaune da gwangwanin fenti a tsakanin ƙafafunsa. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗowa, sannan ya ce in taya shi shigar da kaya.