Ranar da Aka Zo Karɓar Sunan Abu Nayif

Yayana Gazi bai kai shekara goma ba aka fara ce masa Abu Nayif, wato uban Nayif. Nayif sunan mahaifinmu ne, Gazi kuma shi ne babba a maza. A garinmu, can arewa da Irbid, babban ɗa ba ya zaɓar sunan ɗansa na fari, sunan ubansa na nan yana jiransa tun bai san mene ne aure ba. Manya sukan kira shi haka suna dariya, yana tafe da wando mai faci a gwiwa, shi kuwa ya murtuke fuska ya amsa kamar wani dattijo. Ni Falha, da nake bi masa, in na so tsokana sai in ce "Gazi" a gaban abokansa, ya bi ni da gudu har cikin gonar zaitun.

Gazi yana saurayi mahaifinmu ya rasu, ya bar mu da Umma da autanmu Rakan yana rarrafe. Gazi ya ajiye makaranta ya koyi gyaran risho da murhun ɗumama ɗaki, ya kama wani ɗan shago a bakin kasuwa, kuma har yau a nan yake. Ba shi da yawan magana, sai in an kawo masa risho mai datti. Nan za ka ji bakinsa. "Wannan lagwanin tun auren kakarka ba a canja shi ba, sa'an nan ki ce risho ne mugu?" Mata suna tsoronsa suna kuma layi a ƙofarsa, don in sanyi ya shigo ba wanda ke so ya kwana da murhu mai hayaƙi. Daga asuba zuwa magariba ba abin da kake ji a layin nan sai Abu Nayif, Abu Nayif.

Da ya auri Wadha, tun lallen biki bai goge a hannunta ba aka fara ce mata Ummu Nayif. Cikinta na fari namiji ne. Yaron bai kai ranar suna ba ya koma. Gazi ya ɗauke shi a hannu zuwa maƙabarta, ya dawo ya buɗe shago, bai ƙara tayar da maganar ba, mu ma muka yi shiru. Bayan nan 'ya'ya mata huɗu suka zo a jere, kyawawa masu baki irin nawa, sai haihuwa ta tsaya. Masu ba da shawarar da ba a tambaye su ba suka yi ta zarya a shagonsa. Amsarsa ɗaya ce: "Risho ka kawo ko surutu?"

Rakan kuwa a hannun Gazi ya tashi. Shi ya sa shi makaranta, shi ya yi masa kuɗin jirgi zuwa Kuwait. Ya daɗe can, ya dawo da tumbi da mota, ya yi auren da ya makara, kuma shekara ba ta zagayo ba matarsa ta haifi namiji. Mun yi guɗa, ni ma na yi, har muryata ta dishe. Amma ina guɗar ina kallon Umma, don na san abin da ke ranta tun kafin ta furta.

Ba ta ɓata lokaci ba. Ta rungume jaririn ta ce, "Ina so in ji ana kiran sunan mijina a tsakar gidan nan kafin a fitar da ni."

Na ce, "Umma, ai kullum ana kiransa. Je ki kasuwa ki ji."

"Wannan sunan shago ne. Ni yaro nake so, mai gudu, mai fasa mini kofi."

Abin da take nema ba ƙarami ba ne. 'Yan'uwa biyu ba sa amsa alkunya ɗaya a gida ɗaya. In aka sa wa ɗan Rakan Nayif, Rakan ne Abu Nayif, matarsa ce Ummu Nayif, kuma an sanar da duk gari ke nan cewa an cire rai da Gazi da Wadha. Mutumin da ya haura hamsin zai wayi gari ba shi da abin da za a kira shi da shi sai sunan yarinta, wanda ko yaro ba zai iya faɗa a gabansa ba don kunya.

Rakan ya zo wurina yana murza makullin mota a hannu. "Yaya Falha, ke ce babban yaya yake jin maganarki. Ki ɗan taɓa shi mana."

"In taɓa shi? Kai ba ka da baki ne, ko a Kuwait ka baro shi?"

"Wallahi ba ni ba ne, Umma ce. Tun jiya ta ƙi cin abinci."

"Umma ta ci, ni na ga kwanon. Wanda ya goye ka zuwa makaranta ne za ka tuɓe wa riga a tsakiyar kasuwa, kuma ni zan riƙe maka hannunsa? Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi, amma bai haƙura ba. Ranar suna tana ƙaratowa, an sayi rago an ɗaure, jariri yana nan ana ce masa "yaron". Gazi ya je barka, ya ɗauke shi, ya sa masa albarka, ya fita bai taɓo maganar suna ba. Umma ta aika masa sau da yawa, ya ce aiki ya yi yawa. Sai ana gobe suna, bayan la'asar, ana yayyafi, ina gidan Gazi ina taya Wadha tsince shinkafa, muka ji sallama. Na leƙa ta taga. Baffa Awwad ne, ƙanen mahaifinmu, babban danginmu, da alkyabbarsa ta zuwa manyan al'amura. Bayansa dattawa biyu, can ƙarshe Rakan yana kallon takalminsa.

Gazi ya shigar da su ɗakin baƙi, ya kunna murhu, ya ɗauko butar gahawa. Ni na laɓe a bakin ƙofar da ke tsakanin ɗakin da madafa, ba na jin kunyar faɗa. Ya zuba a finjali ya miƙa wa Baffa da hannun dama. Baffa ya karɓa, ya dube shi, ya ajiye a ƙasa gabansa bai kurɓa ba.

Baƙo ba ya ajiye gahawa sai in da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya ce an biya masa. In ya tashi ya bar ta a nan, to ya bar gidan ke nan, shi da duk wanda ke bayansa. Ba za su zo maka biki ba, ba za su zo maka makoki ba. Gazi yana da 'ya'ya mata biyu da ba su yi aure ba, kuma Baffa ne zai zauna a gaba ranar da za a zo neman su. Don neman aure da sasanta jini ake yin wannan. Ban taɓa ganin an yi wa mutum a kan sunansa ba.

Gazi ya ce, "Lafiya, Baffa?"

"Lafiya lau, ɗan ɗan'uwana. Abin da muka zo nema yana hannunka, kuma ba ka taɓa mayar da mu hannu rabbana ba. Sunan yayana muke so, a sa wa yaron nan gobe."

Ba a jin komai sai hucin murhu da ruwa a kan rufi. Tururin finjalin yana tashi siriri, ni kuwa shi na zuba wa ido.

Ɗaya daga cikin dattawan ya gyara murya. "Abu Nayif, ka yi haƙuri, duk abu na Allah ne. Ka jira, mun taya ka jira. Sunan nan bai kamata ya mutu a tsakaninku ba."

"Wa ya ce ya mutu?" Muryar Gazi ba ta tashi ba. "Akwai Nayif. Ni na kai shi da hannuna, na san inda yake kwance."

Baffa ya ce, "Allah ya sa mai ceto ne. Amma wannan yaron bai kai suna ba."

"A wurinku. Ni na faɗa masa a kunne tun ranar da ya faɗo."

Rakan ya ɗago kai, idonsa ya yi ja. "Yaya, wallahi ban sani ba. In ka ce a'a..."

"Rufe mana baki," in ji Baffa. "Ba kai ka ajiye gahawa ba, ni na ajiye." Ya juya ga Gazi. "Uwarka ta tsufa. Ni ma na tsufa, gwiwata ba ta son zaman ƙasa. Gahawarka tana hucewa."

Ta ma huce. Tururin ya ɗauke. Na tsani Baffa a wannan lokacin, na tsani Rakan da motarsa, har Umma sai da na ji haushinta. Baffa ya fara tattara gefen alkyabbarsa, ya dafa sandarsa. Na ce a raina shi ke nan, gidanmu ya rabu biyu.

Sai Gazi ya miƙe. Ya ce, "Ku ba ni ɗan lokaci. Sunan ba nawa ba ne ni kaɗai." Ya bar baƙi zaune, abin da ba a yi, ya nufo ƙofar da nake, da ƙyar na kauce. Ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya tsaya a kan Wadha. Tana zaune da farantin shinkafa a cinya, ba ta tsinci ko tsakuwa ɗaya ba tun shigowarsu.

Ya ce, "Kin ji su. Ki ce a'a kawai, in koma in faɗa musu. Su tafi da gahawarsu, ba zan bari a tozarta ki ba."

Wadha ba ta dube shi ba. Ta ce, "Ka ba su."

"Ba sai kin ji tsoron kowa ba."

"Ba tsoro ba ne. Na gaji ne." Ta ajiye farantin a hankali. "Kai in an kira ka, daɗi kake ji, kamar yaron yana nan a bayan shago yana wasa. Ni in an kira ni, nonon da ya cika ya rasa mai sha nake tunawa. A kasuwa, a gidan biki, ta kan katanga, kullum sai an tuna mini, kuma dole in amsa da fara'a. Ban taɓa warkewa ba, don ba a bar ni ba."

Gazi ya tsaya kamar an dasa shi. "Shekara nawa, ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Da me zan faɗa? Sunan nan kaɗai ya rage maka."

Na yi zaman duniya da mutanen nan biyu, gidana yana manne da nasu, ina taƙamar ba abin da ke wuce ni a dangi. Ban taɓa ganin fuskar yayana haka ba. Ya buɗe baki zai kira ta, ya rufe. Ya sa bayan hannu ya share ido, ya juya.

Da ya koma ɗakin baƙi Baffa ya riga ya miƙe tsaye. Gazi ya durƙusa ya ɗauki finjalin, ya zubar da mai sanyin, ya zuba sabuwa mai zafi, ya miƙa masa.

"Sha gahawarka, Baffa. Abin da kuka zo nema kun samu."

Baffa ya shanye a tsaye, ya girgiza finjalin alamar ya ishe shi, ya mayar. Dattawa suka yi ta sa albarka. Rakan ya faɗa kan yayansa yana kuka yana sumbatar kansa, Gazi ya bubbuga bayansa ya ce, "Ya isa, kada ka jiƙa mini riga. Allah ya raya shi." A bakin ƙofa Baffa ya juyo zai yi sallama, na ga leɓensa ya ɗauko sunan da ya saba, sai ya haɗiye. Ya ce, "Sai gobe, ɗana."

Aka yi suna, aka ci shinkafa da naman rago, Umma ta yi ta kiran jaririn har ya gaji ya yi barci. Gazi ne ya riƙe ragon aka yanka.

Washegari na kai masa karin kumallo shago, don na san bai ci komai a gida ba. Na same shi ya baje wani murhu a ƙasa yana goge shi. Ina ajiye kwanon sai ga wata tsohuwa daga ƙauye, rungume da risho a cikin buhu, tana haki.

"Abu Nayif! Gara da na same ka. Duba mini wannan, tun jiya hayaƙi yake."

Hannunsa ya tsaya a kan murhun. Bai ɗago kai ba ya ce, "Abu Nayif yana gida, Hajiya, an yi masa haihuwa. Kawo rishon in gani."