Mai Sayen Maganin Shawara

A bakin tashar Gumel wani saurayi yana tsugune gaban mai maganin gargajiya. Rigar ƙwallon da ke jikinsa ta yi masa yawa. Idanunsa sun faɗa, cinyoyinsa na rawa, sai ya dafa ƙasa kafin ya miƙe.

"Malam, fitsarina ya koma kamar shayi. Barci ma ya ƙi zuwa."

"Shawara ce. Sha wannan, ka ƙara gudu, gumi zai fitar da ita."

Na san wannan launin. Haka ɗana Abdulbaƙi ya yi ta gudu don shiga soja. Da aka auna jininsa, likita ya ce tsokarsa ce ke narkewa tana toshe ƙoda, kuma sinadarin kotisol, wanda wahala ke tayarwa, ya hau sosai. Bai fito daga asibitin da rai ba.

Na ce, "Samari, ka huta, ka je a auna jininka."

Ya rusuna. "Baba, tantancewar shiga soja ta kusa. In na huta, wani zai ɗauki gurbina."

Ya nufi hanyar Maigatari da sassarfa, yana ɗingishi.

Takalman gudun Abdulbaƙi kuwa, bayan rasuwarsa na ba wani saurayi a Gagarawa su sadaka. Ban tambaye shi abin da zai yi da su ba.