Gansakukar Gotar Nima

Wata safiyar Litinin cikin farin da aka yi a shekarar 1983, ni da Usaina, 'yar'uwata da aka haife mu tare, muka tsuguna a bakin babbar gota, wato magudanar ruwan datti da ta raba unguwannin Nima da Maamobi, muna kwasar gansakuka da gwangwanin madara. Ticha Ofori, malaminmu na kimiyya, shi ya ce kowa ya zo da ita. Tun da sama ta ƙi zubda ruwa gotar ta daina gudu, ta kwanta kore shar, tana wari, ƙudaje na bin ƙafafunmu.

A aji ya ɗora madubin likita da ya aro daga wata sakandare, muka yi layi muna leƙawa. Abin da muke ƙyama sai ga shi kamar zaren tasbaha, ƙwaya bayan ƙwaya, launinsu tsakanin shuɗi da kore. Ticha, yana Turanci yana sirkawa da yaren Twi, ya ce kowace ƙwaya rai ce mai zaman kanta, tana da bango da yauƙi ya lulluɓe, amma ba ta da cibiya a tsakiya irin ta ƙwayoyin jikinmu, komai nata a baje yake a ɗaki ɗaya. Usaina ta raɗa mini, "Ɗakinmu ke nan," don a ciki muke kwana, a ciki ake ajiye tukwane da gawayin da Mma, mahaifiyarmu, ke sayarwa. Ticha ya ce da hasken rana gansakukar take haɗa abincinta. Yawancinmu ko koko ba mu sha ba ranar. A hanyar gida Usaina ta shanya tafukanta a rana, ta ce, "Hassana, ke ma gwada."

Ba a jima ba famfon unguwa ya ƙafe. Muka koma ɗiban ruwa a wani rami bayan gidan hayarmu, mu ture koren da ke sama da ƙwarya, Mma ta tace da ɗankwalinta. Tare gudawa da amai suka kama mu, tare aka goya mu zuwa asibiti. Da na dawo hayyacina har an kai Usaina makwancinta. Ban sani ba ko gansakukar ce, ko wata ƙazantar da ido ba ya gani. Mma dai abu ɗaya take cewa, "Kwana ne ya ƙare." Wata guda na yi ina matsawa gefen tabarma in zan kwanta.

Yanzu an zuba wa gotar siminti, yara na shan ruwan leda suna yar da sauran a ƙasa, maƙwabtan da suka san mu mu biyu duk sun tashi ko sun rasu. Sai dai baƙo in ya ji sunana, yakan yi murmushi ya ce, "Ina Usainarki?" Na yi furfura, har yau ban iya amsawa da sauri ba.