Fuskar da Na Je Karɓowa Birmingham

Gorton, kafin asuba

Ƙarfe huɗu da rabi na kulle ƙofata, na tsaya a bakin titi da jaka ɗaya da filo uku ɗaure da igiya, domin an gaya mini a zaune zan riƙa barci. A shekarar ne aka fara rage fitilun unguwa don tsimi, saboda haka layinmu rabi haske ne rabi duhu, ga hazo mai jiƙa fuska ya sauko har kan rufin motoci. Ji nake kamar ban gama farkawa ba.

Sunana Safiya. Ba shi aka raɗa mini a Kano ba. Sunan namiji aka yanka wa rago, na yi ta jan sa shekara talatin da ɗoriya kamar takalmin aro. Na daɗe ina zaune a Manchester a matsayin mace, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Sutura ta bi ni, murya ta bi ni da ƙyar, ƙashin fuska ne kawai ya ƙi: goshi mai tudu, haɓa mai faɗi, da maƙogwaron da ke riga ni shiga ɗaki. Asibitin gwamnati ba ya yin irin wannan aiki, balle a lokacin da ake ta yanke komai. Na yi shekaru ina tari, har na samu likita a wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Edgbaston, cikin Birmingham. Sharaɗinsu ɗaya ne: sai da babban mutum da zai zauna da ni mako guda, in babu, babu aiki.

'Yar uwa ɗaya gare ni a ƙasar nan, Yaya Rabi, akanta ce, tana Moss Side da mijinta da 'ya'ya uku. Shekara huɗu ba ta taka gidana ba. Da na kira ta, ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Zan je. Amma in mun dawo, kowa ya kama gabansa." Na amsa da to. Da wannan na shiga tasi: zan je in karɓo fuska, in dawo ba ni da yaya.

A kwanar layinsu Yaya ta tsaya jirana, ba a ƙofar gida ba. Direban ya fito yana cusa kayanta a but ɗin mota yana nishi: tukunya, kula biyu, garin kunu, yaji, da buta.

Na ce, "Yaya, Birmingham fa za mu, ba Makka ba."

Ta ce, "A shiga mota dai. Ni na san abincin hospital ɗinsu."

Haka take yi mini magana tun da na sauya suna. Ba ta kiran tsohon, ba ta kiran sabon. Auta take cewa, kamar yadda ake kira na muna yara, sauran kuma sai "an tashi?", "a zauna", kamar mai magana da suruki.

Daga Piccadilly zuwa New Street

Jirgin ƙasa na farko muka hau, tikitin da na saya tun wata biyu don ya yi araha. Fasinjoji 'yan kaɗan ne, kowa ya jingina kai da taga. Ni tun daren jiya aka hana ni ci da sha, Yaya kuwa ta buɗe fulas ta zuba shayi, ta tuna, ta mayar ta rufe.

Bayan Stockport gari ya fara washewa. Gonaki suka riƙa fitowa daga hazo suna komawa, tumaki a tsaye kamar an manta da su. Ina kallon fuskata a gilashi tana shawagi a kan filayen, ina yi mata sallama a zuci, ba tare da ƙiyayya ba. Ta yi iya ƙoƙarinta, ba tawa ba ce kawai.

Wajen Stoke na lura ita ma Yaya gilashin take kallo.

Ta ce, "Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ko ɗaya ba mu da shi. In na so ganinsa, wannan goshin nake tunawa." Ta gyara mayafi. "Shi ne za a je a kankare."

Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi mini ciwo.

A New Street muka canza zuwa ƙaramin jirgi, tasha biyu muka sauka kusa da jami'a. Akwai hanyar ruwa a gefen layin dogo, da wani siririn kwalekwale yana tafiya a hankali, hayaƙi na fita daga bututunsa, wata tsohuwa a kai tana shan shayi. Na so a ce in bi ta.

Edgbaston, ranar aiki

Likitan dattijo ne mai sanyin hannu. Ya zana mini layuka a fuska da alƙalami shuɗi, yana bayani: za a yanka ta cikin gashi daga kunne zuwa kunne, a sassaƙe ƙashin goshi, a rage haɓa ta cikin baki, a aske tudun maƙogwaro. Yaya ta sa hannu a takarda tana kallon bango.

Da aka zo tura ni, ta biyo gadon har bakin ƙofa, ta tofa mini addu'a a ka da sauri, ta ce, "Allah ya sa kada garin neman gira a rasa ido." Na yi dariya, wata nas ta tambaye ni me aka ce, na ce mata fatan alheri ne.

Mai allurar barci ya ce in tuna wuri mai daɗi. Sai ga ni a tsakar gidanmu na Kano bayan ruwan sama, kwatami na gudu, Inna tana tsefe wa Yaya kai a kan tabarma, ni ina gefe ina jiran layi. A da in na zauna jira korata ake yi, a ce in tafi wajen maza. A mafarkin ba wanda ya kore ni. Inna ta ɗago ta ce saura ke, ta buga cinyarta, na taso ina tafiya, tsakar gidan yana ta ƙara tsawo.

Na farka da yamma, kaina a naɗe kamar gammo, bakina ba ya buɗuwa, idanuna 'yan tsaga biyu. Ta tsagar na hango Yaya a kujera da carbi. Na kwana ɗaya a asibitin.

Ɗakin haya, kwana na biyu da na uku

Mun kama ɗaki a saman gidan wata bazawara 'yar Jamaika, tafiyar minti goma a mota daga asibitin. Ta dube ni ta dubi Yaya, ba ta tambayi komai ba, ta ce in muna son ƙarin bargo mu buga bango.

Kafin a sallame mu nas ta ja kunnenmu: sanyi kawai za a riƙa ɗorawa, ƙanƙara a cikin tsumma, ko ledar wake daskararre daga firji. Yaya ta gyaɗa kai a gabanta, muna fita ta ce, "Ice a kan ciwo? Haka suke sa wa mutum sanyin ƙashi ya bi shi har kabari."

Kwanakin nan a cikin ruwa na yi su. Magani yana ɗauke ni yana dawo da ni. Agogon hasumiyar jami'a yana bugawa daga nesa, in ƙirga biyu in ɓace. Sallah a zaune nake yi da ishara, tunda an hana ni sunkuyawa. Yaya tana dama kunu mai ruwa-ruwa ta ba ni a cokali, idonta a kan cokalin, ba ya wuce nan. Wayarta kan yi ƙara ta fita baranda, in ji tana ce wa mijinta, "Jinya ce, Abban Ummi, na gaya maka jinya ce." Wani lokacin kuma maganar neman aiki take yi da wata ƙawarta, domin council, hukumar garin da take wa aiki, ta sallami rabin ofishinsu a watan da ya wuce.

Rana ta uku da la'asar kumburin ya kai maƙura. Ina tsakanin barci da ido biyu na ji ɗumi ya sauka a kumatuna. Tawul ne da ruwan zafi. Yaya ta matse shi, ta dafa a hankali, ta ɗaga, ta sake tsomawa, daidai yadda Inna take gasa mana targaɗe da kumburi. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa: "Sannu. Sannu, Auta. Dubi yadda suka mai da mutum."

Na san an hana. Da kunnena na ji. Amma shekara huɗu ke nan hannun wani nawa bai taɓa ni ba, ga tafinta a ƙarƙashin haɓata, ga ƙamshin man da take shafawa tun muna gida. Na rufe ido na yi lamo kamar mai barci. Na bar ta ta gasa goshi, ta gasa kumatu, ta canza ruwa har sau biyu.

Kafin magariba idanuna sun rufe ruf, fuskar tana bugawa kamar ganga, jini ya fara tsattsafowa ta bandeji.

Komawa asibiti

Mai gidan ce ta kai mu a motarta. Ba na gani, Yaya ce ta riƙe ni muka sauka matakala, tana faɗa mini, "Saura uku, saura biyu."

Nas ta kwance bandejin ta tambayi abin da aka sa. Yaya ta faɗa. Nas ɗin ta yi dogon numfashi, ta bayyana mata cewa zafi yana buɗe hanyoyin jini, kuma fatar ba ta ji a yanzu, ko ta ƙone ba zan sani ba. Aka kira likita ya dudduba, ya zuƙe jinin da ya taru a gefe ɗaya, ya ce mu jira awa biyu a gani.

A awa biyun nan ne na ji abin da ban taɓa ji ba. Yaya Rabi, wadda ko a rasuwar Baba sai da ta sallami baƙi sannan ta yi kuka, tana shessheƙa a gefen gadona.

"Na ɓata, ko? Shekara nawa ana night shift ana tarawa, na zo da hannuna na ɓata. Wallahi gyara na yi niyya."

Na lalubo hannunta, na ce ta cikin haƙora, "Na sani. Ido biyu nake."

"Ido biyu? Shi ne ba a hana ni ba?"

"Daɗi na ji."

Can ta ce, "Amma dai an cika sakarci," ta ja hanci, ba ta saki hannun ba.

Da likita ya dawo ya ce babu abin da ya lalace, sai ta tsare shi da tambaya kamar mai binciken asusu: minti nawa ake ɗora sanyin, wane launi ne na lafiya, wanne ne na haɗari, ta ina za ta gane in ya sake taruwa. Ya ce sai dai ta riƙa duba fuskar sosai, safe da rana da dare.

Sauran kwanakin

Ta saye waken kantin da ke ƙasan layi, har mai kantin ya tambaye ta ko biki ake yi. Ta ɗora, ta duba agogo, ta ɗauke. Sannan ta kama haɓata da yatsa biyu ta juya ni wajen taga, ta ƙura ido. "Nan ya sauka. Nan ya koma ruwan ɗorawa, likita ya ce hakan yana da kyau." Idanuna suka buɗe a rana ta biyar, abin da na fara gani shi ne fuskarta dab da tawa, ta tattare gira.

Ranar da aka cire ƙusoshin ɗinkin kai aka ba ni madubi. Kumburi ne har yanzu, shuɗi da rawaya. Amma daga gira zuwa gashi wuri ya kwanta sumul, haske yana sauka a kai ba ya karyewa. Na daɗe ina kallo. Ban ji murna mai tsalle ba, ji na yi kamar na sauke tulu bayan doguwar tafiya.

Hanyar gida

Jirgin rana muka biyo. Na rufa da gyale da baƙin tabarau, yara suna leƙe, Yaya tana harararsu ɗaya bayan ɗaya. Wajen Stafford ta ce, ba tare da na tambaya ba, "Na duba goshin, ban ga Baba ba. Ya tafi. Na yi kukana a banɗaki shekaranjiya, na gama." Na ce ta yafe mini. Ta ce ba abin yafiya ba ne, ta miƙo mini ruwa da tsinken zuƙa.

A tashar Piccadilly ne hanya ta rabu, motar Moss Side daban, ta Gorton daban. Na tsaya da filona a hannu ina haɗa kalmomin sallama. Yaya ta tare tasi, ta sa aka loda tukunya da buta da komai, ta leƙa ta gaya wa direba, "Gorton."

Na ce, "Yaya, an ce in mun dawo..."

"Na san abin da na ce. Akwai waken nan, peas, a freezer ɗin can?"

"Babu."

"To a tsaya a kasuwa. Fuskar da na kusa ɓatawa ba zan bar wa wani ya ƙarasa ba."

Mun isa gida ana kiran la'asar a wayarta. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa likita da nas ɗin da ta yi mana faɗa, da mai gidan da ba ta yi tambaya ba. Yaya kuwa ta ce in har zan rubuta wannan tafiya, in canza mata suna, kuma in rubuta cewa ita har gobe ba ta yarda da abin da na yi ba. Na canza, na kuma rubuta. Tana zaune a gefena nake rubutawa, ta zo tsefe mini kai, tana bin tabon da yatsa a hankali don kada ta fama.