Muryar Malam Isiyaku da Ba Tasa Ba

Mun tashi daga Katsina da asuba, ana sallame salla muka shiga mota: ni, da shugaban tawagarmu, da direba, da wata baiwar Allah da za ta yi magana da mata. An ɗaura lasifika a saman motar, an cika bayanta da fastoci. Gwamnati ce ta ce ta gano wasu a ƙasashen waje suna turo saƙonnin ƙarya ta waya don su dagula zaɓen da ke tafe, sai aka ce a bi ƙauyuka a gargaɗi jama'a. Ni an ɗauke ni ne saboda na iya surutu.

Sai da muka tsaya karin kumallo a Batsari na kwance ƙunshin fastocin. Kaf da Turanci aka buga su, ga hoton wani mutum sanye da kwat yana harara a gaban kwamfuta. Na nuna wa shugaba, ya ce haka aka aiko su daga sama. Na haɗiye maganata da dafaffen rogo da ƙuli, wanda gaskiya ban ci mai daɗinsa ba a bana, duk da cewa kason da a da ake ba mutum ɗaya yanzu shi ake raba wa biyu.

Daga nan hanya ta fara nuna mana halinta. An gama yankan gero, dawa na tsaye jajir, jakuna ɗauke da dammuna suna wuce mu a duk inda motar ta tsaya tunanin yadda za ta tsallake rami. A Karare muka kunna saƙon da aka naɗo mana. Mutane suka saurara cikin ladabi, suka yi mana addu'a, wani dattijo ya roƙi fastoci guda biyu don ya toshe tagarsa.

A Wagini ne muka tarar da abin da aka aiko mu dominsa. Akwai wani malamin Islamiyya, Malam Isiyaku, dattijo mai sanyin magana wanda rabin garin a gabansa suka yi karatu. Wata murya ta bazu a wayoyi, sak irin tasa, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana, tana cewa duk wanda ya fita zaɓe ya yi saɓo, kuma za a kawo hari rumfunan zaɓe. Daga wata lambar ƙasar waje ta fara shigowa, aka yi ta tura ta daga waya zuwa waya a shagunan caji. Magoya bayan kowace jam'iyya suka ce ɗayar ce ta saye shi. Wasu iyaye sun cire 'ya'yansu daga makarantarsa, wasu kuma sun daina bin sa salla.

Bayan doguwar gaisuwa a zaurensa, ya roƙe mu abu ɗaya: a ba shi aron lasifikar ya gaya wa mutane da bakinsa cewa ba shi ba ne. Shugaba ya gyara zama ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ba a ba mu izinin miƙa wa kowa ba. Saƙon da aka naɗo kaɗai za mu sa." Ya ƙara da cewa za a kai ƙorafin gaba, kwamiti zai duba. Malam bai yi musu ba, ya ce Allah shi saka da alheri. Mun ƙone mai tun daga Katsina don mu ce a guji muryar ƙarya, ga mai muryar gaskiya a gabanmu an hana shi magana.

Ashe abin ya tsaya wa shugaban ma a rai. Da muka fito sai ya ce zai je ya yi alwala, kuma shi alwalarsa tana daɗewa. Kafin ya sha kwana direba ya riga ya miƙa wa Malam abin magana. Malam ya yi tarinsa, ya rantse bai faɗi maganar nan ba, ya ce kowa ya fita ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi. Na naɗi jawabin a wayata ina jin kamar mun gama aiki.

Da la'asar muka shiga ƙasar Safana. Motar ta ƙi hanyar Tsaskiya, dole muka hau babura, masu su suka tsuga mana kuɗi suna ɗora laifin a kan tsadar mai. Can ma muryar ƙaryar ta riga mu isa. Abokiyar tafiyarmu ta tara mata a wani gida, aka dama mana fura da nono mai kauri, ta bayyana musu cewa yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum. Ta karɓi wayata ta kunna musu jawabin Malam na gaskiya. Wata tsohuwa, wadda jikokinta suka yi karatu a wajensa, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To 'yar nan, ke kika ce inji na yin muryar mutum. Ta yaya zan san wannan ba injin ba ne?" Ta ce ita ba ta fita ranar zaɓe sai in ta ga Malam da idonta ya faɗa.

Mun dawo ta Dutsin-Ma, muka iso gida a gajiye, ƙugu kamar ba nawa ba. Washegari na ji a rediyo ana cewa gangamin ya yi gagarumar nasara. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, wanda ya haɗa muryar nan daga nesa ya san wanda mutanen Wagini da Tsaskiya ke jin maganarsa, waɗanda suka aiko mu kuwa ba su ma tambaya ba. Na kira Malam in ji lafiyarsa, aka ce ba ya nan: ya sa an goya shi a babur, yana bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya don mutane su ga bakinsa yana motsi.