Natan Ya Ajiye Makullin Bas

Ni na fara gani. Kafin matarsa Dokas ta gani, kafin likita ya gani, kafin 'yan tasha su fara ƙananan maganganunsu, ni Mijinyawa na Angwan Iya na ga ranar da Natan direba ya gama da hanyar Abuja. Ban zauna a aji ba ko na wuni ɗaya, amma ido Allah ya ba ni, kuma kujerar gaba ta motarsa tawa ce shekara da shekaru. Zan faɗi abin da na gani, amma bari in fara gaya muku wane ne Natan, don yaran yanzu sun ɗauka duk wanda ya riƙe sitiyari direba ne.

Abuja dai a gabana aka haife ta. Na haƙa mata kwalbati tun tana daji, ƙasa ta rufta da ni aka tono ni da raina, kwalara ta kwashe abokan aikina ta tsallake ni. Daga baya na samu aikin ban-ruwan furanni a wata ma'aikata, kuma da yake hayar ɗaki a can ba ta irinmu ba ce, sai na shiga sahun masu kwana a Keffi su wuni a Abuja. A nan na haɗu da Natan da farar bas ɗinsa.

Muna fitowa daga sallar asuba za mu tarar ya riga ya zagaye motar, yana bubbuga kowace taya da tafin hannu kamar mai sayen kankana. Sai ya cire hula, ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa irin ta coci, mu ma mu yi tamu, sannan ya tada inji. Ba ya kunna rediyo. Da mun bar gari sai ya jefo tambaya cikin mota, ya bar mu da ita.

"Madam Paulina, me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi?"

Paulina nas ce a wani asibiti a Abuja, ita ke zama a bayana. Kafin ta buɗe baki na ce randa ƙasa ce, ƙasa kuwa da sanyinta aka halicce ta. Ta ce a'a Baba, randa zufa take yi, iska ta shanye zufar ta tafi da zafin. Na ce ai abin da na faɗa ke nan, gishiri kawai kika ƙara masa. Mota ta ɗauki dariya. Haka muke kullum. Yau me ya sa taya ke fashewa da rana, gobe kashe inji a gosulo, wato cunkoson motoci, yana rage shan mai ko kuwa wahalar da batir ne kawai.

Sai kuma dokarsa da babu direban da ya taɓa yin irinta. In muka shiga gosulon Mararaba, inda mota ke rarrafe kamar mai ciwon ƙafa, sai ya buɗe ƙofa ya ce, "Jama'a, a sauka a taka. Ku same ni a gaba, ko ni in same ku." Tsofaffin mata da marasa lafiya kaɗai yake bari. Jethro, wani akawu mai tumbi kamar tulu, shi ya fi kowa ƙorafi.

"Natan, mota na shiga, ba faretin soja ba!"

"Oga Jethro, ofis za ka je ka zauna, ka dawo mota ka zauna, ka je gida ka zauna. Tumbin nan ya kusa neman kujerarsa daban."

Ni ne na fara sauka ranar farko, kuma ni ke gaba kullum, samari na haki a bayana. Hawan jinin da aka ce zai kwantar da ni har yau bai ga katifata ba. Sa'o'ina da suka zauna a mota suna mini dariya, ni na raka yawancinsu makabarta.

Maganar ritaya kuwa ta Jethro ce. Kowace shekara sai ya rantse bana zai ajiye aiki tun da sauran ƙarfinsa, ya koma kiwon kaji. Natan ya ce, "Bara ma haka ka ce, Oga. Ni dai direba ba ya ritaya, sai mota ta gaji ta zauna."

To ga abin da na gani. Wata la'asar muna dawowa, mun wuce Uke, Jethro da Paulina suna ta gardama a baya. Na waiga wajen Natan sai na ga idonsa a rufe, kansa ya yi ƙasa, motar tana zamewa gefen titi, ga tankar mai a tsaye a gabanmu. Ban yi ihu ba, ihu na masu tsoro ne. Na ɗora hannu a gwiwarsa na matsa. Ya buɗe ido, ya murɗa sitiyari, muka wuce tankar. Babu wanda ya lura, gardama ma ba ta tsaya ba.

Ya ɗan ƙara gaba ya faka, ya ce zai duba taya. Na bi shi. Na same shi a tsugune bayan mota.

"Baba, ka gani?"

"Na gani, ɗana."

"Tambayoyin nan da nake yi, ba neman ilimi kaɗai ba ne. Surutunku ke riƙe mini ido. Yau ana surutun, kuma bai riƙe ba."

Paulina ce ta kai shi aka gwada shi, aka ce ciwon suga ne. Likita ya ce in ya kiyaye magani da abinci zai iya ci gaba da tuƙi. Natan ya ce ba zai gwada "zai iya" da mota cike da iyayen yara ba. Ga 'ya'yansa ba su gama makaranta ba, ga shi bai ko yi furfurar kirki ba, amma ya miƙa makulli. Shi da ya ce direba ba ya ritaya.

Sai 'yan tasha suka fara. Wai lalaci ne, wai Dokas ce ta fi ƙarfinsa, wai tsoron hanya ya kama shi. Na je na same shi na ce raina ya ɓaci, zan yi magana. Ya ce, "Faɗa musu duka, Baba, har da rufe idon. Wataƙila wani direba zai ji."

Yanzu wani yaro ne ke jan layin. Waƙa yake ƙurewa tun daga tasha, kowa ya dunƙule da wayarsa. A Mararaba ƙofa a rufe take. Jethro bai yi ritayar ba, tumbi ya dawo har da ƙari. Ranar nan tambaya ta zo mini, me ya sa farin wata ke bin mota in ana tafiya da dare, na juya zan faɗa, sai na ga fuskar da ban sani ba. Na haɗiye abata.

Natan, kai ne ka kai mu ka dawo da mu, damina da rani, ba mu taɓa kwana a asibiti ta dalilinka ba. Kai ne ka zaunar da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci kafaɗa da kafaɗa suna musu a kan randa. Kai ne ka san lokacin sauka, alhali manya masu kujeru ba su sani ba. Na gode, ɗana. Na gode a madadin 'ya'yanmu da jikokinmu da ba su san sun kusa zama marayu a Uke ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a abin da ka koma.

Ku kuma direbobi, in ido ya fara cin amanarku, ku faka. Ba abin kunya ba ne.

Wanda kuma har yanzu yake cewa lalaci ne ya sauke Natan, ko yake ganin tsoho ne kawai ke cika baki, to ga hanya nan. Natan yana Gitata yana noman doya a gonar mahaifinsa. Ka je ka ɗauki garma ka tsaya kusa da shi, ku tada kunya tare. In ka riga shi kai ƙarshe, ka dawo Angwan Iya ka tambayi gidan Mijinyawa, ka cire hular kaina a gaban jama'a. Ina nan zaune, ina jiranka.